Shekarar da Bayan Baba Ya Karye

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da ake faɗa muku a gidan biki da wurin zaman makoki. Wai ni Idi ne na kashe ɗori a gidanmu, sana'ar da muka gada tun kaka da kakanni. Masu faɗar haka yawancinsu ba su taɓa riƙe ƙafar karyayye ba, ko kaza ake yankawa sai sun kau da kai, amma bakinsu ya fi na kowa tsawo. Na daɗe ina yin shiru, ba don ba ni da amsa ba, sai don amsar ta shafi mahaifina, kuma ban so a riƙa yawo da sunansa a bakin kasuwa. Yanzu gwiwa ta fara ƙi na, abokan zamana sun ragu, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru kafin wani ya gyara muku shi yadda ya ga dama.

Gidanmu yana nan inda kuka san shi a Gaya, a gangaren da ke kallon kogi, amma zauren da kuke tura babura ciki yanzu ba haka yake ba a da. Kafin hantsi ya cika maƙil. Ga masuntan Tunuga da jirgi ya matse wa hannu, ga manoman Bana da Yelu da suka faɗo daga giginya ko sa ya yi wurgi da su, ga 'yan kabu-kabun Malanbil masu haya da babur da ba sa jin magana, ga matan Kamba da goyonsu. Ka ji Dandanci a wannan lungu, Zabarmanci a wancan, Bafillace yana nishi da nasa harshen, Baba kuwa kowa da harshensa yake yi masa faɗa. Ƙamshin man kaɗe da ake narkarwa yana haɗuwa da na kifin da Inna take soyawa a cikin gida, har yau in na ji su tare sai na tsaya. Shi Baba, Garba Maɗori ake ce masa, dogo, mai faɗin kafaɗa, ga hannu kamar faranti. Dabararsa ita ce ya tambayi mutum sunan surukarsa ko yadda kifi ya yi bana, mutum yana cikin ba da amsa sai ya ji ƙas, ƙashi ya koma wurinsa. Kafin ihun ya gama fita Baba ya riga ya miƙo mini hannu in ba shi kara da zare.

Shekara talatin na yi a gefensa. Na iya ja, na iya shafa in gane inda ƙashi ya rabu, na iya jera kara in ɗaure yadda jini ba zai tsaya ba. Abu ɗaya ne ban da shi, shi ne abin da muke kira ba da hannu. A gidanmu, in maɗori ya ga lokaci ya yi, sai ya kira magajinsa, ya buɗe masa tafin hannun dama, ya karanta wasu kalmomi a kunnensa, ya tofa su a tafin, ya rufe masa yatsu. Daga ranar ne mutum yake zama maɗori. Kafin nan, ko ka fi kowa iyawa, mai riƙe ƙafa ne sunanka, kuma ba wanda zai kawo maka ɗansa. Ina da shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, da uwarku da ku huɗu a lokacin, amma in na taɓo zancen sai Baba ya ce:

"Mi kake ma gaugawa? Ka ga ina shirin mutuwa na?"

Shekarar da abin ya faru ita ce wadda soja suka sake karɓar mulki a Yamai. Mu dai a rediyo muka ji, sai kuma shingayen da suka ƙaru a kan hanya. Rannan aka kawo wani masunci ƙato, cinyarsa ta karye. Jan cinya aikin ƙarfi ne, ni ya kamata in yi, amma Baba ya ture ni, ya kafa ƙafa a jikin bango, ya kama ya ja. Na ji ƙas guda biyu. Ɗaya ta cinyar masunci ce. Ɗayar ni kaɗai na ji ta, don ina dab da bayansa. Ya jera kara, ya ɗaure, ya tofa, har ya tsokani masuncin cewa matarsa za ta huta kwana arba'in. Sai da zaure ya watse ya ce da ni, bai ko juyo ba:

"Kai wanga, rufe ƙofa ka taho ka kama ni. Kak ka bari kowa shi gani."

Nan muka yi kuskuren da ba mai yin irinsa sai mutanen gidanmu. Maɗori ba ya ɗora kansa, magajinsa ke ɗora shi. Kuma ɗan gidan maɗora ba ya zuwa likita a kan ƙashi, don ranar da aka gan shi can, ranar ce sunan gidan ya faɗi. Saboda haka muka ɓoye. Muka ciro ƙyauren ɗakin ajiya, muka kwantar da shi a kai a ƙuryar ɗakin Inna, aka riƙa ce wa masu zuwa ya tafi Kabi gaida 'yan'uwa. Ni kuma na yi duk abin da na sani. Na shafa man kaɗe, na gasa da ganye, na naɗe shi da asabari tun daga ƙirji har ƙugu, shi da kansa yana tofawa a hannuna kafin in taɓa shi. Amma hannu da ƙafa daban, baya daban. Ƙashin hannu kana kama shi ta nan da ta can ka ja. Na baya yana can ciki, ba wurin kamawa, kuma da na bi da yatsa sai na ji gaɓa ɗaya ta lotsa, ba rabuwa ta yi ba balle a haɗa. Na san wannan tun kwana na uku. Tsoro ya hana ni faɗa, tsoronsa da kuma tsoron abin da zan rasa.

Kwana ashirin da wani abu muka yi a haka. Mutumin da muryarsa ke kaiwa bakin kogi ya koma magana a hankali, don ko tari ya yi sai hawaye ya zubo masa. Ya bar cin tuwo don kada ya buƙaci a ɗaga shi. Bayansa ya fara yin gyambo inda katako ke taɓawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla. A kwance yake yin ta, da ido da ɗan yatsa, in ya idar sai ya juya fuska bango. Inna tana fita tsakar gida tana yi wa maƙwabta dariya, tana ba su labarin Kabi da ba wanda ya je, in ta dawo ɗaki ta zauna bakin gado ta rufe fuska da gefen zane.

Gwaggonku Hajo ce ta fasa ƙwan. Ita ce babbarmu, tana aikin jinya a likitar Doso, wato asibitin can, kuma tun muna yara ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta zo ba zato, ta shiga ɗakin, ta ɗaga asabarin ta duba, ta fito ta same ni a zaure.

"Idi, kai da Inna kashe shi kuka son yi, ko mi?"

"Yaya, ke san dokar gidan ga."

"Dokar gidan ga ta taɓa tada wanda ƙashin bayanai ya lotse? Hwaɗa mini guda, in yi shiru."

Ta ce tsofaffi ƙashinsu yana yin sakayau ta ciki, gaɓar baya sai ta murƙushe da ɗan abu kaɗan, kuma kwanciyar nan ita za ta kai shi kabari kafin karayar. Ta ce akwai wani lokotoro, wato dakta, a Yamai da ya dawo daga karatu a waje da kayan wani sabon aiki, yana gyara irin wannan ba tare da an tsaga mutum ba, amma in aka bari ƙashin ya daskare a lotse, ba abin da zai iya. Muka shiga wurin Baba tare. Ita ta yi bayani, shi yana kallon rufi. Da ta gama sai ya juyo da ido gare ni.

"Kai mi ka ce? Kana iyawa ko ba ka iyawa?"

Wallahi na so in ce ina iyawa. Da na faɗa, da watakila a ranar zai ba ni hannu don in ƙarasa aikin. Na ce:

"Ban iyawa, Baba. Ba ni kaɗai ba, ko kai aka kawo ma wanga, ba ka iyawa."

Inna ta saki salati. Ban taɓa faɗa masa magana irin wannan ba tunda aka haife ni. Sai Baba ya ce:

"Ba ni da ƙarhin hana ku ɗaukata. Amma ka ji da kyau. Na rantse da wanda raina ke hannunai, in ka hid da ni gidan ga ka kai ni likita, ba ni ba ka hannu."

Na fita na zauna a zaure ina kallon kararen ɗori da ke jingine a kusurwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin kaina, na yi tunanin shekara talatin. Har na ce wa raina mu ƙara mako guda mu gani. Sai na ji Inna tana ce masa azahar ta yi, na ji shirun da yake biyo baya in yana salla da ido. Na tashi na tafi neman mota.

Ranar kasuwa muka fita, da hantsi, lokacin da unguwa ta watse. Wani abokina mai jigilar albasa ya ba mu motarsa, muka ɗauko Baba a kan ƙyaurensa, muka lulluɓe shi da tabarmi. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji haƙoransa sun haɗu, amma bai yi mini magana ba, Hajo kawai yake tambaya ruwa. Duk wannan ɓoyon kuwa a banza muka yi shi. A shingen da ke kafin Doso wani soja ya ce a buɗe baya ya gani. Ya ɗaga tabarma, ya tsaya, sai ya cire hularsa.

"Ba Baba Maɗori ba na? Subhanallahi! Baba, ni na, ɗan Tunuga da ka ɗora ma ƙahwa ina ɗan makarantar lakwal. Ga ta nan, da ita nika tsaye."

Ya buga ƙafar a ƙasa don Baba ya gani, ya kori motocin da ke gabanmu, ya bi mu da addu'a. Yaron kirki ne, da zuciya ɗaya ya yi. Amma kafin mu shiga Yamai ya kira uwarsa ya ce ta sa Baba a addu'a, uwarsa kuma ta faɗa wa duk wanda ya kamata da wanda bai kamata ba. Baba ya rufe ido tun daga shingen, bai buɗe ba sai da mota ta tsaya.

Lokotoron saurayi ne, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce irin ta mutanen bakin kogi. Aka ɗauki hoton ƙashi, wanda su ke kira radiyo, da wani hoton kuma na cikin babban inji. Na zaci zai yi wa Baba magana irin ta masu farar riga, sai na ga ya jawo kujera ya zauna ƙasa-ƙasa, ya ɗaga hoton a hasken taga.

"Fofo, sannu Baba. An ce mini sana'armu ɗaya. To duba ka gaya mini wace ce ta lalace."

Baba bai so ya duba ba, amma ido ya ci amanarsa. Mutumin da ya shekara sittin yana ganin ƙashi da yatsa, yau ga shi a fili, gaɓa bisa gaɓa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna.

"Wagga. Ta zauna ta gaba."

"Ita ce."

Sai ya yi masa bayani dalla-dalla. Za a kifa shi, a kashe wurin da allura. Za a soka bututu biyu sirara ta baya har cikin gaɓar da ta lotsa, ana kallo a hoto don kada a taɓa lakar baya. Ta cikin bututun za a tura wani ɗan balan-balan, a hura shi da ruwa a hankali, shi zai ɗaga ƙashin daga ciki ya bar gurbi. Sai a sace shi a zare, a cika gurbin da wani siminti na ƙashi, wanda yake daskarewa kafin a sauko da mutum daga gado. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce simintin yana iya tsiyaya inda ba a so, ya ce tsawon da ya rasa ba duka zai dawo ba tunda mun yi jinkiri, ya ce sauran gaɓoɓin ma sun tsufa, ba zai ƙara jan cinyar kowa ba. Baba ya ce a nuna masa balan-balan ɗin. Aka kawo irinsa, ɗan mitsitsi a bakin waya. Ya murza shi tsakanin yatsu ya daɗe.

"Kenan kara ta ciki kuka sawa."

"Haka ne, Baba."

"Hm. Wanda ya tuno wanga ya san ƙashi."

Aikin bai kai tsawon zaman cin kasuwa ba. Ni da Hajo muna bakin ƙofa, tana jan carbi tana yi mini faɗa a kan na bar shi ya rame, don ita in tsoro ya kama ta faɗa take yi. Washegari da safe lokotoro ya zo ya ce a tashe shi. Na kama hannu ɗaya, wani ma'aikaci ya kama ɗaya. Baba ya zauna, ya jira ciwon nan da ya saba, muna ganin yadda ya ƙanƙame jiki yana jiransa. Bai zo ba, sai ɗan tsami. Ya sauke ƙafa, ya miƙe, ƙafafun suna rawa don sun manta aikinsu. Ya kai hannu baya ya shafa 'yan filasta biyu da aka manna, ko ɗinkin kirki babu. Hajo ta fashe da kuka, ni ma ban tsira ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ina gabas.

Da muka dawo Gaya, gari ya riga ya sani. Wasu sun zo barka da gaske, wasu sun zo ganin maɗorin da aka ɗora da siminti. 'Yan kabu-kabu har waƙa suka yi, na kusa dukan ɗaya a bakin tasha. Zaure ya ragu, ba zan ce bai ragu ba. Amma shekara shida Baba ya ƙara a duniya, kuma su ne shekarun da na fi so a rayuwata. Ya ɗan rankwafa, ya riƙe sanda, yana tafiya masallaci da ƙafarsa, yana zuwa bakin kogi ya zaɓi kifi da kansa ya yi wa masunta tsiya. Ku manyan kun tuna yadda yake zaunar da ku yana ba ku ƙwallon giginya. Muka ci gaba da aiki, ni ke ja, ni ke ɗaurewa, shi ke tofawa. In aka kawo mai ciwon baya kuwa, sai ya shafa sau ɗaya ya ce a tafi Doso a nemi Hajo. Bai taɓa ce mini na gode ba, bai kuma taɓa tada zancen rantsuwar ba. Inna ce ta riƙa bin sa, har ta kawo liman ya gaya masa cewa rantsuwa irin wannan ana warware ta da ciyar da miskinai goma. Baba ya saurara da ladabi, ya sa aka kawo wa liman fura, ya raka shi ƙofa.

A shekararsa ta ƙarshe ƙirji ne ya kama shi, ba baya ba. Wata rana bayan azahar muna zaure mu biyu, ba majinyaci ko ɗaya, sai ya ce in matso. Ya kama hannuna na dama ya buɗe tafin. Ina da shekara hamsin da biyu, na ce wa raina yau ranar ta zo. Ya bi kantar da ke tafin da babban yatsansa, ya daɗe yana kallo.

"Hannu mai kyau na. Ya hi nawa sanyi."

Ya ci gaba, yana riƙe da hannun:

"Ba rantsuwa ta hana ni ba, Idi. Na san ana warware ta. Kalmomin ga, ubana ya ba ni su a kan babu ƙashin da ya hi ƙarhinsu. Haka ake ba da su, haka ake amsa. Kai ka ga wanda ya hi ƙarhinsu, ka hwaɗa mini a ido. Ni ma na gani. In na tohwa maka su yanzu, da wane baki za ni ce maka abin da anka ce mini?"

Na ce, "Ba ni su haka nan, Baba. Ko ba komi, naka na."

Ya girgiza kai. Na ga leɓɓansa sun motsa, na zaci ya sauya ra'ayi, har na kai kunne. Sai ya haɗiye. Ya lanƙwasa yatsuna ɗaya bayan ɗaya a kan tafin da babu komai a ciki, ya riƙe dunƙulen da hannayensa biyu.

Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi mini. Bayan rasuwarsa na rufe zauren, don ban yarda in zauna a wurinsa in riƙa motsa baki ina yi wa mutane kamar ina da abin da ban da shi ba. Wannan shi ne kashe ɗorin da ake gaya muku na yi. Wanda ya sake faɗa muku, ku ce masa ubanku ya san abin da zai rasa tun kafin ya je neman mota, kuma ya je.

A ranar dai muna nan zaune, hannuna a cikin nasa, har ladan ya kira la'asar. Ya sake ni, ya lalubi sandarsa.

"Tashi mu tahi, kak mu rasa sahu."

Na miƙa hannu in taimaka masa, ya ture shi, ya miƙe da kansa.